Gawar da Ba a Tayar Ba

Pandurang Bhoir ya fi kowa iya mutuwa a Bombay. Ni ne shaida, don ni nake yi masa kwalliyar. Sunana Yakub, na tsufa ina shafa wa 'yan fim hoda da jinin ƙarya, kuma ban taɓa aiki da fuska mai sauƙi irin tasa ba. Kumatu a lotse, idanu a zurme, ga shi in ya ɗauke numfashi ko fatar idonsa ba ta motsi. Duk fim ɗin da za a tsinci gawa a tsohon gida, ɗan sanda ya zo bincike, fatalwa ta bi masu laifin ɗaya bayan ɗaya, to Pandu ne gawar. An shaƙe shi, an ba shi guba, an tsamo shi daga tafki. Bai taɓa furta kalma ɗaya a fim ba.

"Kai dai kana cin banza," in ji masu jan fitilun ɗaukar fim. "Mu muna gumi, kai kana barci."

"To zo ka kwanta in toshe maka hanci mu gani," in ji shi. Ba wanda ya taɓa amsa tayin.

Akwai abin da ba a tsallakewa a sana'ar. In an gama ɗaukar gawa, ba a sauke kyamara. Sai a sake kunna ta, darakta ya kira sunan mutum na gaskiya, shi kuma mai yin gawar ya tashi zaune, ya zare audugar hancinsa, ya dubi kyamara ya yi dariya. Ba a saka wannan a fim, amma dole a ɗauka, da kyamarar da ta kashe shi, don kada a bar mutum a mace. Daga nan Pandu sai ya yi wanka a famfon bayan situdiyo ya nufi gida. Matarsa Shevanti takan tare shi a bakin ƙofa.

"Ka tashi?"

"Na tashi."

Sai ta matsa ya shiga.

Ranar da abin ya lalace muna aikin wani darakta, Khurana, mutum mai gaggawa kamar ana korarsa. Labarin wani akawu ne da aka jefa a rijiya, ruhinsa yana dawowa da jiƙaƙƙun sawu. Mun kwantar da Pandu a makarar gora a tsakar fili, likkafani har wuya, furanni a ƙirji. Ana cewa an gama, ruwan damina ya kece. Aka sure kyamara aka yi ciki da gudu.

Pandu ya bi darakta da likkafani a jikinsa. "Sahab, ba a tashe ni ba."

"Ga ka nan a tsaye kana ba ni ciwon kai. Gobe."

Goben nan kuwa aka loda kyamara a mota, aka tafi da taurarin can kan duwatsu ɗaukar waƙoƙi. Wa zai ɗauki gawa zuwa wurin waƙa? Aka bar mu.

Pandu bai iya ƙarya ba, shi ne matsalarsa. Da Shevanti ta tambaye shi, sai ya girgiza kai. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta shimfiɗa masa tabarma a baranda, ta riƙa miƙo masa abinci daga bayan dokin ƙofa. Tana son mijinta, wallahi na san wannan, amma tsoro ya fi ƙarfinta.

Ni Musulmi ne, da farko dariya na yi masa. Na ce, "Pandu, ajali a hannun Allah yake, ba a hannun Khurana ba." Amma sai na fara ganin abubuwa. Muka shiga bas tare, kwandasta ya ba ni tikiti, ya ba na gefensa, ya wuce shi kamar kujerar babu kowa. A ɗakin ajiyar kaya muka tarar da hotonsa da aka yi amfani da shi a fim ɗin, an manta ba a cire masa sarƙar furannin da ake rataya wa mamaci ba. Abin da ya gama da shi kuwa da tsakar rana ya faru. Muna zaune a gindin bango ya buɗe kwanon shinkafarsa, ya dunƙula loma. Hankaka ya sauko, bai ko dubi nawa kwanon ba, ya cafke lomar daga yatsunsa. A addinin su Pandu kuwa, shinkafar mamaci ce ake ajiye wa hankaka, in ya ci an karɓi ran ke nan.

Pandu ya rufe kwanon a hankali. "Ka gani ko, Yakub bhai, ɗan'uwana? An karɓa."

Daga ranar ya daina cin abin kirki, ni kuma na daina dariya.

Da Khurana ya dawo na tare shi a bakin motarsa. Na ce in bai tashi mutumin nan ba, ya nemi wani mai kwalliya, kuma zan gaya wa duk masu fitila abin da ya yi. Ya zage ni son ransa, sannan ya ce a lalubo guntun zaren fim da ya rage daga wani aikin, a sa a kyamara, a gama da shirmen.

Sai dai kafin a tashi mutum dole ya sake kwanciya. Na zo da akwatina, na dubi fuskarsa, na mayar da hodar. Babu abin da zan ƙara. Da nake cusa masa audugar na ji hancinsa sanyi ƙalau. Ya riƙe mini hannu ya ce, "In ban ji ba, ka taɓa ni."

Kyamara ta fara ƙara. Khurana ya ce, "Pandurang, tashi."

Bai motsa ba.

"Pandurang Bhoir, tashi mana, kada ka ɓata mini rana."

Wani mai fitila ya fara addu'a ƙasa-ƙasa. Ni ina kallon likkafanin ko zai ɗaga, bai ɗaga ba. Na matsa kusa na kama babban yatsan ƙafarsa na murɗe. Sai ya ja wani dogon numfashi, ya tashi zaune, ya zare audugar, ya yi dariya har da hawaye. Aka tafa, aka fasa kwakwa don neman albarka, kamar yadda al'adarsu take. Na raka shi gida da kaina. Shevanti ta dube ni maimakon shi.

"Ya tashi?"

"A gabana."

Ta matsa, ya shiga.

Da aka wanko zaren na je na gani a ɗakin mai haɗa hoto. Ga Pandu kwance. Yana kwance, yana kwance, har hoton ya yi fari. Mai haɗawa ya ɗaga kafaɗa ya ce guntun ne ya ƙare kafin ya yunƙura, ba wani abu ba. Haka ne mana. Amma na fito ban gaya wa kowa ba.

Pandu bai sake kwanciya a makara ba. Ya kafa teburin shayi a ƙofar situdiyo, ya yi shekaru, har ya yi ɗan tumbi. Duk sanda na tsaya sai ya ce, "Dariyar ta fito da kyau?" In ce ta fito. Kullum akwai hankaki a kan rumfarsa, ni kuma ban taɓa iya shanye kofin ba.

Da ya rasu na je. Na same shi a tsakar ɗaki, likkafani har wuya, auduga a hanci, daidai yadda na sha shirya shi. Tsofaffin masu fitila sun jeru a bango, kuma na san abin da kowa yake jira. Da maza suka sunkuya za su ɗauki makarar, Shevanti ta ce su dakata. Ta durƙusa wajen kunnensa.

"An gama," ta ce a hankali. "Tashi mana."

Ni dai na ja da baya har na dafa ƙofa, idona a kan babban yatsan ƙafarsa.