Balarabe da Hotunan Unguwar Dikko

An haifi Balarabe a Unguwar Dikko, wani ƙaramin ƙauye na manoma masu 'yan shanu a ƙasar Bebeji. Yana ɗan shekara biyar ko shida aka gina madatsar ruwa, aka tashe su, ruwa ya cinye gari da gonaki da maƙabarta. Mahaifinsa, Malam Idi, bai daɗe ba a sabon matsuguni ya rasu. Balarabe ya tashi ba ya iya tuna fuskarsa. Abin da ya rage masa kawai shi ne warin taba da na shanu a jikin wata shuɗiyar riga.

Mahaifiyarsa, Inna Furera, ita ta riƙe shi da sana'ar daddawa har ya gama firamare. Daga nan aka kai shi Kano wurin wani mai gyaran tafireta. Ya dawo da 'yar jakar kayan aiki, ya shekara goma yana zaga makarantu da ofisoshi a kan keke, daga Bebeji zuwa Kiru, wani lokaci har Tudun Wada. Mutum ne marar yawan magana. In ya buɗe tafireta sai ya shimfiɗa ƙyalle ya jera kusoshi a kai, ba ya ɗaga kai sai ya gama.

Da kwamfuta ta fara shigowa ofisoshi, aikinsa ya yi ta ja da baya. Bai yi ƙorafi ba. Ya koma Kano yana kwana a shagon wani abokinsa, ya koyi buɗe sabuwar na'urar kamar yadda ya koyi tsohuwar. A shekarar 1998 wata makarantar sakandare kusa da garinsu ta samu kyautar tsofaffin kwamfutoci huɗu, shugaban makarantar ya ɗauke shi ya kula da su.

Uku suna da allo mai kyau amma cikinsu ba ya ɗaukar kaya da yawa. Ta huɗun ita ce mafi tsufa da nauyin tafiya, sai dai tana da wurin ajiya. Shugaban yana so duk darasin da malamai suka rubuta ya bayyana a kowane allo, ba sai an yi ta yawo da faifai ba. Babu layin tarho a makarantar, balle a yi zancen intanet. Balarabe ya ce za a iya mai da tsohuwar ta zama abin da yau ake kira uwar garke: ita za ta riƙe shafukan, sauran su riƙa roƙa tana ba su.

Babbar manhajar da abokinsa ya fara ba shi ta fi ƙarfin na'urar. Da ya tayar da ita sai komai ya tsaya cik. Ya koma Kano ya samo wata ƙarama, wadda duk jikinta bai cika faifai ɗaya ba. Ya ja waya ta bin bango ya haɗa na'urorin, ya ba kowace lambarta. Ya buɗe fayil ɗin saiti, wanda layukansa ba su da yawa, ya rubuta mata inda shafukan suke, da ƙofar da za ta riƙa karɓar roƙon sauran na'urorin ta cikinta, da wanda aka yarda ya karanta. Sau da yawa yana tsakiyar aiki wuta ta ɗauke, ya zauna a bakin ƙofa yana jan carbi har ta dawo. Daga baya ya saita ta yadda in wuta ta dawo za ta tashi da kanta. Ranar da darasin lissafi ya fito a alluna uku lokaci guda, shugaban ya ba shi hannu ya ce Allah ya yi albarka.

A cikin wannan shekarar ne Barakatu ta neme shi. Matar wani marigayi mai hoto ce da ake kira Bature, wanda ya zaga ƙauyukan nan yana ɗaukar hoto kafin ruwa ya zo. Ta kawo masa gwangwanin alewa cike da hotuna, gara ta fara cin gefen wasu.

"An ce kana da na'urar da ke ajiye abu," in ji ta. "Ni dai ba ni da inda zan kai su. 'Ya'yana ba su san mutanen ciki ba."

A cikin hotunan ya tarar da ɗaya da aka rubuta Unguwar Dikko a bayansa. Maza ne tsaye a gindin tsamiya ranar Sallah. A tsakiyarsu akwai wani dogo sanye da riga mai aska biyu. Hoton baƙi da fari ne, amma Balarabe ya gane ɗinkin, don rigar tana nan a ƙasan akwatin Inna. Ya daɗe yana kallon mutumin. Ya ga goshinsa irin nasa ne, ya ga har tsayuwar tasu ɗaya.

Ya nemi izinin shugaban, ya kai hotunan Kano aka kwafe su a faifai, ya yi musu shafi a cikin uwar garken. A ƙarƙashin wancan hoton ya rubuta: Malam Idi, a tsakiya. Kullum in ya zo da safe shi yake fara buɗewa, wai yana gwada ko na'urar na aiki.

Wata Juma'a bayan an tashi makaranta ya ɗauko Inna a babur ɗin maƙwabci. Idonta ya riga ya yi rauni. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta zauna a gefen kujera tana riƙe da mayafinta. A daren da ya gabata ya sake jera hotunan, to da ya buɗe shafin sai rubutu ya fito, wurin hoton kuma fanko.

"Ina yake?" ta tambaya.

"Yana zuwa, Inna. Ki ɗan yi haƙuri."

Ya koma kan tsohuwar na'urar. Hoton yana nan. Sunansa ne da manyan baƙaƙe, shi kuwa a shafi ya rubuta da ƙanana, na'urar kuma ba ta ɗaukar su ɗaya. Ya gyara, ya dawo ya sake buɗewa.

Hoton ya fara sauka daga sama, layi bayan layi. Kafin kawuna su fito Inna ta ce, "Tsamiyar masallaci ce wannan." Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin.

"Ga Baba nan a tsakiya," in ji Balarabe, ya ɗora yatsa.

Ta duba da kyau. Sannan ta girgiza kai.

"Wannan Hamman ne, ƙanen babanka. Aron rigar ya yi, a lokacin yana neman aure. Babanka ba ya son hoto." Ta bi allon da yatsa har ƙarshen gefen dama. "Akwai wani a nan riƙe da igiya?"

Akwai. Wani gajeren mutum ne cikin 'yar shara, rabin jikinsa ya fita daga hoton, ya juya yana kallon wani abu da ba a gani. Fuskarsa ba ta fi ƙwayar gero ba.

"To shi ne. Bijiminsa ne ya ƙi tsayawa."

Balarabe ya ƙara girman wurin, amma fuskar ta watse ta zama ɗigo-ɗigo. Ya mai da ita yadda take. Can Inna ta ɗaga hannu ta yi wa mutanen hoton addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, shi yana amsawa da amin. Kafin su fita ya buɗe shafin ya gyara rubutun: Malam Idi, a gefen dama, riƙe da igiya.

Labari ya bazu. Tsofaffin da aka tasa daga ƙauyukan suka riƙa zuwa ranar Juma'a, wasu daga Kiru, wasu daga nesa, su zauna uku-uku a gaban allunan. Sukan yi gardama a kan wane ne wane, Balarabe yana saurare, in sun daidaita ya rubuta. Wasu fuskokin ba a taɓa samun wanda ya san su ba, ya bar ƙarƙashinsu babu komai.

Inna Furera ta rasu da daminar 1999. Balarabe ya ci gaba da aikinsa a makarantar, ya yi aure a makare, ya haifi 'ya'ya mata biyu. Da tsohuwar na'urar ta fara ƙara a ciki, ya kwashe shafukan ya mayar kan wata, ya sake saita komai daga farko. Ɗalibai da yawa sun karanta darasi a allunan nan ba su san akwai hoton mahaifinsa a ciki ba, shi ma bai taɓa nuna musu ba.