Mishi Mai Hangen Nyangumi

A garinmu, kudu da Malindi a gaɓar tekun Kenya, idan ka ce Bi Mishi, wato Uwargida Mishi, babu mai tambayarka wace Mishi, ko da yake masu sunan sun kai biyar. Kowa ya san ta kan dutse ake nufi.

Ba a kan dutse ta fara ba. Tun tana 'yar shekara tara take bin uwarta cikin ruwa idan ya janye, da tsinken ƙarfe a hannu, suna zaƙulo pweza, wata dabbar teku mai hannuwa da yawa da ake ci, daga ramukan duwatsu. Ta ƙware har mata suna cewa pweza na jin takunta yake miƙo hannuwansa takwas da kansa. Da wannan sana'a ta yi aure, da ita ta aurar da 'ya'yanta mata biyu zuwa Mombasa. Mijinta Shee masunci ne, mutum marar hayaniya, ya fita da asuba ya dawo bayan azahar. Idan ta gama nata aikin sai ta hau dutsen da ke bayan masallacin bakin ruwa, ta zauna a inuwar kuka tana duban teku. Cikin jirage ashirin masu farin ƙyalle iri ɗaya, takan nuna nasa tun yana kamar ƙwayar shinkafa. Mata suna yi mata tsiya wai tsoro take kada wata aljanar ruwa ta ƙwace mata miji. Ita kuwa sai ta ce aljanar da za ta iya da shirun Shee ta zo ta ɗauka.

Ba ruwa ne ya ci Shee ba, hawan jini ne, a kan gadonsa. Bayan shekara biyu gwiwoyinta suka ƙi, shiga duwatsu ya gagara. Sai ta ɗauki murhu da kasko ta koma ƙarƙashin kukar nan, tana suyar mahamri, irin fanken mutanen gaɓa, tana dafa gahawa, masunta suna saye idan sun fito daga ruwa. Babu jirgin da take jira yanzu, amma ido ya riga ya saba. Hannu yana juya mahamri, ido yana can bakin sama.

Kowace shekara idan iskar kudu ta kankama, nyangumi, ƙattin dabbobin teku masu siffar kifi, sukan biyo gaɓarmu da 'ya'yansu. Mu dai a wurinmu ba abin kallo ba ne, abin kaucewa ne, don dabbar da ta fi motar haya tsawo ba a wasa da ita a ƙaramin jirgi. Sai ga baƙi sun fara zuwa, Turawa da mutanen Nairobi, wai su a kai su su gani. Wani masunci mai jirgin inji, Bwanaheri, shi ya fara amsa kira. Ya shafa wa jirginsa shuɗin fenti, ya kafa bencina, ya zana ƙaton nyangumi a gefe wanda ya fi kama da tarwaɗa. Matsalar ɗaya ce: teku da faɗi. Sai ya wuni yana ƙona mai, ya dawo da baƙi sun yi amai sun gaji, fuska a murtuke.

Wata rana ya hau dutsen yana jan ƙafa.

"Bi Mishi, zuba min mai ɗaci. Yau ma ba su fito ba."

"Su wa?"

"Nyangumi mana. Awa huɗu ina yawo, ko jela ba mu gani ba. Wata tsohuwar Baturiya har tana tambayata ko wanda na zana a jirgi shi kaɗai gare mu."

"Ai kai ne ka yi arewa. Tun hantsi suna nan kudu, su uku, daura da bakin rafi. Ɗaya har tsalle ya yi sau biyu. Na ce ikon Allah, ko Bwanaheri gudunsu yake yi?"

Ya ajiye kofin. "Daga nan kika gan su?"

"A'a, daga ƙarƙashin gado."

Washegari ya kawo mata waya da madubin hangen nesa. Wayar ta karɓa. Madubin kuwa ta kara a ido sau ɗaya ta ce jiri yake sa ta, sai ya zama abin danne ƙyallen da take rufe mahamri kada iska ta kwashe. Tun daga ranar aikinta ya zama biyu. Da ta hango feshin ruwa ya tashi fari can nesa, sai ta goge hannu a zane ta kira.

"Bwanaheri, ka sa hasumiyar masallaci a ƙeyarka, ka miƙe har ruwa ya yi baƙi. Kai, ba nan ba! Hannun da kake cin abinci da shi!"

Kafin shekara uku jiragen kallo sun zama shida, kuma duk ita ce idonsu. Kowane ya dawo akwai abin da yake ajiye mata, ta gyara rufin ɗakinta, ta daina jiran aike daga Mombasa. Ta san dabbobin fiye da yadda ta zata. Ta san maza ne masu haukan tsalle da dukan ruwa, uwa mai ɗa kuwa a hankali take tafiya, kusa da gaɓa. Idan wani ya matsa wa irin wannan da inji don baƙi su ɗauki hoto, sai wayarsa ta yi ƙara.

"Ja da baya, marar kunya. Mai jego ce. Haka aka yi wa uwarka?"

Mutum ɗaya ne wannan harka ba ta burge shi ba, ƙanenta Kombo. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta yi masa aure. Da Shee ya rasu, shi ta ba ragarsa, babbar raga mai tsawon gaske wadda ake shimfiɗawa a zurfi a bar ta ta kwana. Har tsohon jan zanenta ta yayyaga ta ɗaura a jarkokin da ke riƙe ragar a saman ruwa, don ya riƙa gane tasa. Da ragar nan Kombo yake ciyar da mutum bakwai. Idan ya zo shan gahawa yakan ce, "Yaya, ke da kifayenki da ba a ci. Mutum ya biya kuɗi don ya ga abu ya yi atishawa ya nutse, wannan ai asara ce."

Wata safiya cikin watan Agusta, ba ta daɗe da hura wuta ba, ta hango feshi kusa da gaɓa. Ta jira na biyu. Ya zo, amma gajere, kuma a wuri ɗaya. Nyangumi ba ya tsayawa haka. Ta tashi ta dogara da kukar ta ƙura ido. Uwa ce, ga ɗanta yana kewaya ta, ya nutse ta nan ya ɓullo ta can. Duk sanda uwar ta yunƙura sai wasu 'yan abubuwa su biyo bayanta suna tsalle a kan ruwa. Jarkoki ne. A kan kowace akwai jan ƙyalle.

Ta gane su. Mahamri yana ƙonewa a kasko ba ta ji ba. Kombo ta fara kira, yana bakin ruwa yana shirin fita.

"Kombo, ragarka ta kama nyangumi. Ta naɗe mata jela da fiffike ɗaya. Ga ta nan daura da rafi."

Ya yi salati. "Yaya, kin gaya wa wani?"

"Kai na fara kira."

"To don girman Allah ki yi shiru. Ki bar ta. Za ta gaji, kwana ɗaya ko biyu ruwa ya turo ta gaɓa, in kwance ragata lafiya lau. Idan mutanen nan suka ji, yanka ta za su yi gunduwa-gunduwa."

"Da ɗa fa take."

"Ni ma da 'ya'ya nake! Yaya, ragar Shee ce. Ke kika ba ni da hannunki."

Ta kashe wayar ta zauna a kan turmin da take zama. Ta san gaskiya ya faɗa. Ta san yadda Shee ya tara zaren ragar nan kaɗan-kaɗan, ta san wuraren da ita kanta ta ɗinke. Ta ce a ranta bari ta kau da kai, ai ba ita ta aike ta cikin raga ba. Ta kwashe ƙonannen mahamri, ta zuba wani. Amma ido ya ƙi. Uwar ta taso da ƙyar ta yi huci, ɗan ya zo ya goga jikinsa a nata, ragar ta sake janye ta ƙasa. Mishi ta ƙirga numfashinta tana jira ta taso. Uwar ta daɗe a ƙasa fiye da na farko.

Ta ɗauki waya. "Bwanaheri, sauke baƙinka. Ka kira ma'aikatan kula da dabbobin ruwa, ka nemo wuƙaƙe da dogayen gora."

"Ragar wa ce, Bi Mishi?"

"Ina ruwanka? Yi sauri."

Tun hantsi ake abu ɗaya har la'asar. Jirage biyu suka bi dabbar a hankali, an ɗaura wuƙaƙe a bakin gora, idan ta taso a yanki igiya ɗaya, idan ta kaɗa jela kowa ya kwanta a cikin jirgi. Sau biyu ta ɓace musu, Mishi ce take nuna musu inda ta ɓulla. Gari duk ya hau dutsen yana kallo. Da igiyar ƙarshe ta tsinke, uwar ta yi shiru a saman ruwa kamar ba ta yarda ba, sannan ta ɗaga jela ta nutse, ɗan ya bi ta. Mutane suka yi ta kabbara da tafi. Mishi ba ta yi ba. Tana kallon Kombo can ƙasa a bakin ruwa, shi kaɗai, hannuwa a bayansa.

Daga ranar ya daina hawa dutsen. Idan sun haɗu a hanya sai ya ce "Ina kwana" yana kallon wani wuri, babu Yaya a ciki. Matarsa ta daina aiko mata da kifin Juma'a. Ya koma bin jirgin wani ana ba shi kaso, mutumin da dā yake da ragar kansa. Gari ya rabu biyu, masu jiragen kallo suna cewa ta yi jarunta, tsofaffin masunta suna cewa ta zaɓi kifi ta bar jininta. Wani baƙo ya zo zai ɗauki hotonta don jarida, ta ce ya sayi mahamri ko ya ba ta wuri. Masu jirage sun haɗa abin da suka haɗa aka kai wa Kombo, ya mayar musu, ya ce shi ba maroƙi ba ne.

Da lokacin nyangumi ya wuce, ruwa ya riƙa turo guntayen ragar gaɓa. Mishi ta dinga bin yashi da sandarta tana tsinta, wani a nan, wani sai ta yi tafiyar awa guda da gwiwoyin nan nata. Ta sayi zare, ta zauna ƙarƙashin kuka tana haɗawa, ƙulli bayan ƙulli, har yatsunta suka faffashe. Wata biyar ta yi. Abin da ya samu bai kai rabin ragar dā ba, kuma launinsa uku. Ta sa aka ɗora mata a baro aka tura har ƙofar gidan Kombo.

Ya fito ya tsaya yana dubawa. Ya ɗaga gefe ɗaya, ya ja ƙullin da ƙarfi, bai kwance ba.

"Wannan ta kama kaguwa ce?"

"In ba ka so in mayar, in yi shingen kaji."

"Wa ya ce ba na so?" Ya juya ya ƙwala wa matarsa kira. "Ke, kawo wa Yaya tabarma, kin bar ta a tsaye da ciwon ƙafa."

Bai taɓa cewa ta yi daidai ba, ita ma ba ta taɓa ba shi haƙuri ba. Amma da iskar kudu ta dawo, kafin ya shimfiɗa raga sai wayarta ta yi ƙara.

"Yaya, 'yan uwan naki suna hanya?"

"Biyu sun wuce da rana, akwai mai jego a baya. Ka yi arewa da rafi, kada ka wuce baƙin ruwa."

Sauran masunta suka ga haka, su ma suka fara kira.

A shekarar ce Bwanaheri ya gano cewa Bi Mishi, mai tura jirage shida, ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunta ba. Ya rantse sai ya kai ta. Aka ɗaura mata rigar hana nutsewa a kan mayafi, aka zaunar da ita tsakanin wasu Turawa biyu, ta riƙe benci da hannu bibbiyu tana karanto duk addu'ar da ta sani. Yau babu kowa a kan dutse, don haka sai da suka yi awa biyu suna lalube, tana yi masa faɗa tsakanin amai da amai. Can ya kashe inji. Ruwa ya yi tsit. Sai ga wani baƙin tudu ya taso dab da jirgin, ya fi jirgin tsawo, jikinsa duk ƙuraje da tabo, ya saki huci kamar an buɗe bakin tanderu. Feshin ya sauko musu a fuska. Baturiyar da ke gefenta ta fashe da kuka. Mishi ta ga ido ɗaya, ƙarami a wannan uban jiki, yana kallonta.

Sannan ta goge fuska da bakin mayafi.

"Bwanaheri."

"Na'am, Bi Mishi."

"Shekara nawa kana zuwa nan, ba ka taɓa gaya min haka bakinsu yake wari ba?"

Sai da aka riƙe ta ta sauka daga jirgin, ta kwana biyu tana cewa ƙasa na lilo da ita. Ba ta ƙara shiga ba. Yanzu shekarunta sun doshi saba'in, bara aka cire mata yana a idon hagu, 'ya'yanta suna ta roƙo ta koma Mombasa ta huta. Ta ce musu sai bayan Satumba, idan nyangumi sun wuce. Satumbar ta wuce, ta ce sai ta baɗi.