Hannun Souley a Ƙarƙashin Kai

Kullum da an idar da sallar asuba, kafin 'yan kilando su cika titin Moursal da hayaƙin baburansu, Souley yana ƙofar gidan Ummaru yana sallama. Zulaikha, matar gidan, ta ɗaga masa labule. Sai ya sunkuya ya ɗauki Ummaru daga kan gado, ya kai shi ya wanke shi, ya fito da shi gindin darbejiyar ƙofar gida ya zaunar. Daga nan ya wuce gadar Ngueli dako. Da magariba ya dawo ya mayar da shi ɗaki. Bana shekara goma sha biyar ke nan yana wannan.

Yaran yanzu in sun gan shi, wani tsoho kawai suke gani mai jan ƙafar hagu. Ni da na yi alƙalancin kokawa a filin yashi na Ngueli har usur ya cinye mini haƙori ɗaya, na san wanda suke wucewa ba gaisuwa.

A 1991 ya zo daga Ƙonni da buhu guda na tufafi. Yana ɗaukar sukari da shinkafa a kafaɗa daga Kousseri da ke hayin gada, ranar Lahadi kuma bayan la'asar ya ɗaura warki ya shiga fili. Kokawarsa ba ta da daɗin kallo da farko, gaskiya. Yakan duƙa ƙasa-ƙasa, hannun hagu a gaba, ya tsaya yana kallon ƙafar abokin karawa kamar ya manta abin da ya kawo shi. Makaɗa su yi ta duka har hannu ya mutu, 'yan kallo su fara zagi da Hausa da Larabci. Shi ko a jikinsa. Sai wancan ya gaji ya taka ƙafar dama gaba, nan take Souley ya cafke bayan gwiwa, ya sa kafaɗa a ciki, ya ɗaga mutum yadda yake ɗaga buhu. Makaɗinsa na ce masa Gadar Ngueli, ba ka gajiya da kaya.

A lokacin in ya ɗaga, wurgi yake yi ta baya. Haka ya yi wa Ummaru a damina ta 1994. Ummaru ɗan gari ne, kakanninsa a nan aka binne su, tela ne mai son wasa, bai fi wata bakwai da aure ba. Da wuya ya sauka. Ina kusa, na ji ƙarar, har yau ban so na tuna ta. An kai shi asibiti ya yi wata uku, ya fito da ransa amma ƙafafu sun tafi.

Ba wanda ya ɗora wa Souley laifi. Dattawa suka ce wasa ne, ƙaddara ce. Ummaru da kansa ya ce masa, "Kalas, ya wuce, ya ɗan'uwa, na yafe." Washegari Souley ya kwashe kayansa daga Ngueli ya kama ɗaki a layin su Ummaru.

Ya koma fili, amma da wata sabuwar ɗabi'a. In ya ɗaga mutum, sai ya bi shi ƙasa, tafin hannunsa na dama a ƙarƙashin ƙeyarsa, ya kwantar da shi. Na sha ja masa kunne. Dokar filinmu a fili take: wanda gwiwarsa da hannunsa suka riga taɓa ƙasa, shi ya sha kaye, ko da shi ya yi ɗaukar. Sai ya ce mini, "Malam, in na bari kai nai ya bugi ƙasa, mi zan ce ma Allah?" Da haka ya riƙe kambun filin shekara tara, don saurinsa yana rufe masa asiri.

A 2004 saurin ya gaza. Ya kara da Nafiou, matashi ɗan shekara ashirin da biyu, mai nauyi. Souley ya jira kamar kullum, ya cafke, ya ɗaga. Nafiou ya yi wutsil-wutsil a sama, kansa ya juyo ƙasa daidai yadda na Ummaru ya juyo. Souley ya saki gwiwa ya zube, ya shimfiɗa hannu a kan yashi, kan yaron ya sauka a tafinsa. Duk filin ya ga wanda ya ɗaga wani. Ni kuma na ga gwiwa da hannu. Na busa, na ɗaga hannun Nafiou. Souley ya kwance kambun da kansa ya ɗaura masa, ya kakkaɓe yashi, ya ce zai tafi don magariba ta kusa kuma Ummaru na waje.

Souley, ni na yanke maka wannan hukunci, kuma ko yau aka sake zan sake yanke shi, don doka ce. Amma ban ƙara riƙe usur ba daga ranar. Kai ne ka kayar da maza sama da ɗari, guda ɗaya ka ji wa ciwo, kuma ka ƙi yarda a ce ya wuce. Ba a taɓa sa sunanka a rediyo ba. Na gaji da jiran wani ya rubuta, shi ya sa na rubuta da hannuna.

Abin da ya tayar da ni shi ne watan jiya. Souley ya sunkuya ya rungumi Ummaru, ya yunƙura, gwiwarsa ta hagun nan ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Zulaikha ta ce ta same su zaune a ƙasa su biyu. Kwana huɗu Ummaru bai ga rana ba. Souley kuma bai je Ngueli ba, yana zaune wurinsa yana masa fifita.

Na je na sami Nafiou na faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba. Allah ya yi masa albarka, ya zo ranar Juma'a. Ya sungumi Ummaru da ƙarfin ƙuruciya zai miƙe, Souley ya buge masa hannu. "Ba haka ba. Hannu ƙarƙashin kai nai tukuna." Ummaru ya yi dariya, ya ce, "Yi haƙuri da shi, ni ma shekara goma sha biyar yana mini wannan mulkin."

Mun gode, Souley. Allah ya saka maka, ya sauƙaƙa wa gwiwar. Ku kuma da kuke ɗaura warki ranar Lahadi kuna bugun ƙirji, duk wanda wannan mutum ya taɓa kayarwa ya tashi da wuyansa lafiya, ya san wanda zai gode wa. Gidan yana bayan makarantar firamare, mai darbejiya a ƙofa. Nafiou ya ɗauki Juma'a. Saura kwana shida a mako, kuma jiya Asabar Ummaru a ɗaki ya wuni.