Wanda Muka Sha Nono Ɗaya

Ina da ɗan'uwa a duniyar nan wanda ban san fuskarsa ba. Ina jaririya, Bafulatanar da ke kawo mana fura da nono a gidanmu na Gwandu ta rasu wajen haihuwa. Inna ta karɓi jaririn, ta shayar da mu tare. Da aka yaye mu ubansa ya zo ya ɗauke shi, suka bi shanu wajen Wurogauri. Daga nan labari ya yanke.

Inna ba ta daina zuba masa tuwo ba. Kullum kwanonsa na nan a rufe, duk baƙon da ya yi sallama shi ke ci. Abin yana ƙona mini rai, balle ranar da ban ƙoshi ba.

Wata rana wani mai itace yana cin tuwon, na ce, "Inna, mai itacen nan ai ba shi ba ne."

Ta ce, "Ke kin san shi? Ɗiyata, tun ba a yi jiki ba rayuka wuri guda sunka zamna, sunka amsa kiran Ubangiji baki guda. Nan duniya anka rarraba mu, munka mance juna. Shayarwa tunatarwa ta kawai."

Baba mutumin ɗarika ne. Ya ce wannan magana ce ta ciki, ba a yi wa mai jin yunwa. Suka yi mini dariya, ni kuwa na cika fam.

Da ciwon ajali ya kwantar da Inna, na riga na yi aure, ɗan'uwan nan nawa kaɗai take nema. Na shiga mota zuwa Kalgo, can wajen Wurogauri, ranar kasuwa, ina bin masu sanda da malfa ina tambaya. Sunan da muka sani na shagwaɓa ne, wanda Inna ta laƙaba masa. Kowa ya saurare ni, wani har ya ba ni ruwa, amma babu wanda ya san shi.

Da na dawo ta ce, "Kin gane shi?"

Na ce a'a.

"Kin gaisa da mutane?"

"Da yawa."

"To kin gane shi."

Ban yi mata musu ba, amma raina bai so amsar ba. Ni shi nake so in kawo mata, ba duniya duka ba.

Yanzu ni ke rufe kwanon. Na yarda da maganarta, wallahi na yarda. Amma duk baƙon da ya zauna ci, sai na tsaya bakin zaure na kira sunan nan a hankali, ko zai ɗago kai.