Telan da Ke Koyon Sifaniyanci

A layin masu ɗinki akwai wani dattijon tela, furfura ta cinye gemunsa, tabarau ya zamo masa har kan hanci. Na kawo ya rage mini tsawon wando, ina zaune a benci ina kallonsa. Komai na shagonsa da 'yar takarda a manne: jikin almakashi an rubuta "tijeras", gwangwanin allura "aguja", zare kuma "hilo". Duk abin da ya ɗauka sai ya faɗi sunansa a hankali, kamar mai gaida maƙwabci.

Na ce, "Baba, wane yare ne wannan?"

"Sifaniyanci ne, ɗana. Kalma biyar kullum, da safe kuma in saurari darasi a waya. Keken nan ma ba a rana ɗaya na iya shi ba."

Ina jin karatunsa bai yi nisa ba, don da yatsa yake bin haruffa. Ya ce 'yarsa tana aure a ƙasa mai nisa, jikarsa kuma ba ta jin Hausa, sai Sifaniyanci. Shekara shida ke nan, sai dai su ɗaga wa juna hannu a waya.

Muna cikin haka wayar ta yi ƙara. Ya tsayar da keke, ya gyara hula, ya gaida jikar tasa.

"Hola, amaryata. ¿Cómo estás?"

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi ta zuba masa zance. Ya juyo gare ni, idonsa cike da ƙwalla.

Ya ce, "Kalma uku na gane a ciki. Wancan makon ko ɗaya ban kama ba."