Gonar da Ba Ta da Takarda

Shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ɗana na biyu yana aiki a wata jaridar Hausa, shi ke riƙe da shafin noma. Ni ban san baƙi ba, sai dai ya zo gida Gyaɗi-Gyaɗi ya karanta mini ina tsinkar zogale.

Ni na haɗa shi da wani tsoho manomi. Aminin marigayi maigidana ne, yana da gona a bayan Darmanawa, gidaje sun zagaye ta gabas da yamma, ita kaɗai ta rage. Dawa yake shukawa, irin da ya gada, ya ratsa wake a tsakani. Takinsa sharar unguwa ce da jakai ke kai masa da rani. Iyakarsa kuwa gamba ce da wata tsohuwar kuka.

Ɗana ya yi kwana uku yana zuwa gonar. Da ya karanta mini abin da ya rubuta, na ce ai ya bar mafi daɗin. Na ce, "Ka sa cewa gonar nan ba ta da takarda. Tun kakansa amana ce ke riƙe da ita, ba wanda ya taɓa ci masa ko taku ɗaya." Ya ce Inna, wannan ba na jarida ba ne. Na ce don ka yi boko har ka fi ni sanin abin yabo? Ya yi dariya, ya sa.

Rubutu ya fito, har da hoto. Bayan girbi aka kira ɗana wani zauren taro a Tarauni, aka ba shi lambar yabo ta gwanin masu rubutun noma. Na je da sabon mayafi. Mai gabatarwa ya karanto rubutun, daidai maganata ya ɗaga murya, aka yi ta tafi. Na ji kaina ya yi girma. Layin gaba duk sababbin masu mulki ne, lokacin kowa na neman filin da zai raba wa waɗanda suka yi masa wahalar zaɓe.

Kafin ruwan farko masu awon fili suka sauka a gonar. Suka tambayi tsoho takarda. Ya nuna gamba, ya nuna kuka. Sai suka fito masa da jaridar, suka ce ai da bakinsa ya faɗa. Ɗana ya bi ofis-ofis har takalminsa ya cinye, ya rubuta sau biyu, ba a buga ba. Aka yanka gonar fuloti-fuloti.

Sau ɗaya tsohon ya zo bayan nan, da ƙullin irin dawa a tsumma, wai in adana masa kafin ya sami wuri. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, "Hajiya, yaron nan gata ya yi mini, ba ni da ƙorafi. Abu ɗaya ke cina a rai, na kasa tuna ranar da na gaya masa zancen takarda. Tsufa ke nan, baki ya riga hankali."

Na buɗe baki, sai na ji na ce masa ya sha ruwa.

Bai ga kakar shekarar ba. Ya tafi yana zargin bakinsa. Ɗana ya roƙi a canza masa shafi, kuma har yau bai taɓa tayar mini da zancen ba. Irin dawar na zuba shi a tulu, na rufe da toka yadda muka saba. Duk bazara in buɗe in duba, in rasa inda zan kai shi. A shekara ta uku na tarar ƙwari sun mai da shi gari.