Hannun Sietske da Kilo Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya Sietske Hoekstra ta yi tana sayar da cuku a kasuwar Bolsward. Ka ce mata rabin kilo, ta ɗora wuƙa ta yanka, sai ta aza bisa sikeli don kawai hankalinka ya kwanta. Allurar sikelin ba ta taɓa ƙaryata ta ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasu, kuma ina gani lokacin da ta rufe rumfar, shekarar da mijinta Wiebe ya daina iya hawa bene.

Ciwon Pompe ne ke damunsa, na gado, mai cin tsoka a hankali kamar yadda ruwa ke cin gaɓar kogi. Ya fara da cinyoyi, ya hau baya, yanzu yana ƙwanƙwasa ƙofar numfashi. Duk bayan mako biyu nas Marrit kan zo da ledar magani daga asibiti, ta ɗaura masa ƙarin ruwa na awa huɗu. Da nauyin jikinsa ake auna maganin, ko wane kilo da rabonsa. Sau ɗaya, a farkon jinya, ruwan ya shige shi da sauri. Ƙirjinsa ya toshe, leɓɓansa suka yi shuɗi. Tun ranar Sietske ba ta bari a rataya leda sai ta karanta takardar da ke jikinta.

Wata Talata na shiga kai musu jarida, na tarar tana tsaye riƙe da ledar, fuskarta babu jini.

"Marrit, wa aka haɗa wa wannan? An rubuta kilo saba'in da tara."

"Nasa ne, Mama Hoekstra. Makon jiya aka auna shi a asibiti. Daga saba'in da biyu ya hau, ai abin murna ne."

Wiebe ya yi dariya daga cikin kekensa na guragu mai batir. "Kin ji ko, tsohuwa? Kullum kina cewa ina wasa da abinci. To ga shi na zama bijimi."

"Bijimin da agogo ke yi wa yawo a hannu? Rufe min baki."

Ita ke ɗaga shi kowace safiya daga gado zuwa keke, hannayenta a ƙarƙashin hammatarsa, goshinsa a kafaɗarta. Ta juya wajen nas. "Mutumin nan bai ƙaru ba. Ni nake ɗaukarsa."

Marrit ta dubi agogon bango. Maganin da aka riga aka haɗa ba ya jira. In lokacinsa ya wuce, sai zubarwa. "Sikelin asibiti ne fa, Mama. A cikin keke ake ɗora shi, a cire nauyin keken. Ga nauyin nan a takarda manne a bayansa, ɗari da ashirin da takwas."

Sietske ta tsura wa ƴar takardar ido. Ta koɗe, gefenta ya naɗe.

"Wiebe, yaushe mai gyaran keke ya zo ya canja maka batir?"

"Da kaka. Ya sa manya, don in riƙa kaiwa bakin tafki in dawo."

"Ya canja takardar?"

Sietske ta nufi ƙofar baya.

Tsohon sikelinta na cuku yana rumbun bayan gida, babba na auna kaya, mai faffaɗan faranti, ƙura ta rufe shi. Suka mayar da Wiebe kujerar falo. Ni na riƙe katakon da muka jingina wa sikelin don hawa, Marrit ta tuƙa keken babu kowa a ciki, ya hau da ƙyar. Sietske ta share gilashin sikelin da gefen rigarta. Na ga leɓɓanta na motsi, kuma ban san wanne take roƙo ba: a ce ta yi daidai, ko a ce wannan karon hannunta ya yi kuskure.

Ɗari da talatin da tara.

Marrit ta yi lissafi a tafin hannu, ta fita da waya. Muna jin ta tana gaya wa likita cewa an ɗora wa mara lafiya kilo goma sha ɗaya na batir. Aka ce kada a sa ledar, gobe da safe za a aiko wata, a kan sittin da takwas.

Da muka koma falo Wiebe ya dubi matarsa. "Nawa, mai cuku?"

"Sittin da takwas."

"Huɗu sun tafi ke nan. Kin sani."

"Tun kafin ganye ya zube."

"Ba ki ce komai ba."

"Ba ka tambaya ba, tsoho."

Ta ɓare tsohuwar takardar daga bayan keken, ta rubuta sabon adadi da babban alƙalami, ta manna. Sannan ta shiga kicin ta ɗauko burodi da cuku. Kullum yanka ɗaya take yi masa, siriri, daidai yadda yake iya haɗiyewa. Ranar ta yanka biyu, ta zauna gabansa, ba ta tashi ba sai da ya cinye.